3.4 Yadda Masu Sharhi Suka Karɓi Faifan Mamman Sani

A wannan sashe za a duba irin karɓar da masu sharhi suka yi wa faifan Mamman Sani Abdullahi na Jamhuriyar Nijar, mai suna *La Musique Électronique du Niger*, domin a ga ko ma'aunin da suka auna shi da shi ya dace da abin da ke cikinsa.

An ɗauki kiɗan ne a shekarar 1978 a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai. Makaɗin, wanda ya taɓa aiki da hukumar UNESCO, ya yi amfani da fiyano mai aiki da lantarki, ƙirar Orla ta ƙasar Italiya. Kaset kimanin 100 kawai aka buga a wancan lokaci. Duk da haka mutanen Nijar sun san kiɗan sarai, domin an daɗe ana sa shi a rediyo da talabijin tsakanin wani shiri da wani. Wato ke nan an san kiɗan, amma ba a ɗauke shi abin da za a zauna a yi wa tarke ba. Sai a shekarar 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke birnin Fotland a Amurka, ya sake fitar da shi a faifai, bayan Kirkley ya ci karo da kaset ɗin a wani ɗakin ajiya a Yamai. Daga nan ne sharhi ya fara fitowa, kuma galibinsa daga Turai da Amurka.

Abin da masu wannan sharhi suka fi yabawa shi ne dushewar sautin da ƙarancin kayan aiki, da yadda karin yake ta maimaita kansa har mai saurare ya ji kamar yana mafarki. An riƙa kwatanta makaɗin da ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus da kuma Terry Riley na Amurka. Babu shakka wannan yabo ya yi wa Mamman Sani rana, domin ya kai shi wasa Turai, kuma an ƙara fitar da wasu ayyukansa, kamar *Taaritt* a shekarar 2014. Sai dai idan aka duba da idon basira za a ga akwai rauni a cikin yabon.

Dushewar sauti dai ba adon da makaɗin ya zaɓa ba ne. Iyakar abin da na'urar ɗaukar sauti ta wancan zamani ta iya ke nan, ga kuma tsufan kaset. Mawaƙin Amurka da ke da ɗakin ɗaukar sauti na zamani, ya bar shi da gangan ya koma ga tsohuwar na'ura, shi ne za a ce ya zaɓi salo. Wanda bai da wata sai ita, ba zaɓi ya yi ba. Larkin (2008) ya nuna yadda yawan kwafar kaset a Kano ya sa gurɓataccen hoto da sauti suka zama ruwan dare. Amma sabo da abu daban, son sa daban. A zamanin kaset, mai saye a tashar Kwangila ta Zariya sai an ɗana masa ya ji kafin ya biya, in ya ji yana shuu sai ya ce a sake masa wani. Abin da wannan mai saye yake ƙi, shi ne ɗan sharhin waje yake kira gwaninta.

Rauni na biyu ya fi wannan girma. Da yawa daga karin da Mamman Sani ya kaɗa ya samo su ne daga waƙoƙin gargajiya na Nijar, ciki har da na Fulani makiyaya da na Buzaye. Wanda ya tashi da irin waɗannan waƙoƙi, da ya ji karin zai tuna da waƙar da kuma wurin da ake yin ta. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, domin kalangu yana bin hawa da saukar muryar magana, har mahauci ya ji takensa ya zabura ba tare da an buɗe baki ba. Haka tambari da kakaki suke yi a fada. Mai sharhin da bai san waƙar ba, sauti kaɗai ya isa kunnensa, saboda haka ya nemi abin kwatance a Jamus.

To amma laifin bai tsaya ga baƙi ba. Hanyar nazarin da aka fi bi a sassan Hausa na jami'o'i, kamar wadda Gusau (1993) ya shimfiɗa a *Jagoran Nazarin Waƙar Baka*, ta fi ba da ƙarfi ga turke da salo da sarrafa harshe, wato abubuwan da sai da kalmomi ake samun su. Hanya ce mai amfani ƙwarai ga waƙoƙin Narambaɗa da Shata da Ɗanƙwairo, amma idan aka kawo mata kiɗan fiyano wanda karinsa ne kan gaba, sai manazarci ya rasa inda zai kama. Ga alama wannan na daga cikin dalilan da suka sa aka bar wa 'yan waje filin.

Wanda zai yi wa faifan tarken da ya dace, dole ya ɗauki kiɗa ɗaya-ɗaya, kamar “Salamatu” ko “Lamru”, ya binciki asalin karinsa a bakin waɗanda suka ji shi a rediyon Yamai, sannan ya nuna inda makaɗin ya bi gargajiya da inda fiyanon ta tilasta masa ya kauce.