“Gashin doki ne”: ina hujjar masu cewa baƙar mace ba ta dogon gashi?

Mai karatu, in kana halartar bukukuwa a Anka ko Gummi ko Bukkuyum, ko kana bin hotunan amare a Facebook da TikTok, ka san hukuncin da ake yankewa da zarar kitson mace ya sauko ya wuce kafaɗa. Wata za ta taɓe baki ta ce “wanga gashi ba nata ba na”. Wata ta ce gashin doki ne aka cusa. Mai sassauci ita ce za ta ce a bincika dai, ba za a rasa jinin Buzaye ko Shuwa a gidansu ba. Duka maganganun uku tushensu ɗaya: an riga an yarda cewa gashin baƙar mace yana da iyaka kusa da wuya, duk abin da ya wuce nan kuwa ko na kanti ne ko na aro daga wata ƙabila.

A wani wuri wannan gulma ce kawai. A nan ta fi haka nauyi. Hadisin da ya hana ƙarin gashi yana cikin Bukhari da Muslim, kuma duk wadda ta zauna a Islamiyya ta san shi. Ke nan wanda ya ce gashin amarya na ƙari ne, da ƙarya ya tuhume ta, da saɓon Allah, da yaudarar dangin ango. Tuhuma mai wannan girma tana buƙatar hujja, bari mu ga wadda ake da ita.

Masu ɗan karatu cikin masu shakka sukan ce ai kimiyya ma ta tabbatar gashin baƙar fata ba ya girma. Akwai binciken da suke nufi, ko da ba su san sunansa ba. A 2001 Geneviève Loussouarn, mai bincike a kamfanin L'Oréal na Faransa, ta wallafa awon da ta yi a mujallar British Journal of Dermatology. Ta samu gashin 'yan Afirka yana ƙaruwa da kimanin maikromita 256 a rana, na Turawa kuma 396. Maikromita dubu ne milimita ɗaya. Ta kuma samu gashinmu bai kai nasu cunkoso ba: sili 190 a kowane murabba'in santimita, su kuma 227.

To, mu ɗauki alƙaluman nan yadda suke mu yi lissafi. Maikromita 256 sau kwana 365 ya ba ka santimita 9 da ɗoriya a shekara. Kowane silin gashi yana da zangon girma, wanda ga yawancin mutane yake tsakanin shekara 2 zuwa 6, daga nan ya huta na 'yan watanni, ya faɗi, sabo ya tsiro a gurbinsa. Matar da zangonta shekara 3 ne, gashinta zai iya kai santimita 28, wato wajen kafaɗa. Mai shekara 6 za ta kai santimita 56, wato tsakiyar baya. Ka ga binciken da ake kafa hujja da shi don a ce ba zai yiwu ba, shi da kansa ya ba da damar gashi har gadon baya. Kuma 256 ɗin tsaka-tsaki ne, a cikin waɗanda aka auna akwai masu kusan 300, akwai masu ƙasa da haka.

Sannan mutum nawa aka auna? 38. Maza 19, mata 19, 'yan asalin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Mata 19 ne ake so su tsaya a madadin matan nahiyar da masana ƙwayoyin gado suka yi ittifaƙin ta fi kowace nahiya bambancin halitta tsakanin mutanenta. Ba laifin mai binciken ba ne, ta faɗi adadinta a fili, laifin masu yaɗawa ne da suke mayar da “matsakaicin mutum 38” ya koma “baƙar fata duka”. Su kansu masu binciken L'Oréal daga baya sun ga raba gashin duniya gida uku, na Afirka da na Turai da na Asiya, bai wadatar ba. A 2007 suka auna gashin mutum 1,442 daga ƙasashe 18, suka raba shi aji 8 gwargwadon lanƙwasarsa, kuma 'yan Afirka ba su taru a aji ɗaya ba. Wannan ba labari ba ne ga makitsiyar da take zaune a Gummi, inda Bazamfara da Bafulatana da Badakkara suke zuwa su ɗora kai a cinyarta. Ta san kai goma gashi goma ne, har a ɗaki ɗaya tsakanin ya da ƙanwa.

Maganar jini ma a taƙaice: gaskiya ne gado yana da hannu a laushin gashi da tsawon zangon girmansa, kuma gaskiya ne Fulani da yawa gashinsu bai kai na maƙwabtansu murɗewa ba. Amma murɗewa daban, tsawo daban. Gashi mai tsananin murɗewa yana iya yin tsawo, sai dai ba ya nuna shi. In an wanke shi ya bushe sai ya ƙanƙance kamar waya mai naɗi, ya koma rabin tsawonsa ko ƙasa. Matar da ka gani jiya da gashi dunƙule kamar bai wuce kunne ba, yau an yi mata kitson zare ko an busar da shi da na'ura a salun, ya sauko kafaɗa, sai ka rantse ƙari ne, alhali gashin jiya ne aka miƙar.

Amma a yi wa masu shakka adalci. Abin da idonsu ya saba gani gaskiya ne: mata da yawa a garuruwanmu shekara da shekaru gashinsu yana nan inda yake. Kuskuren yana wajen fassara. Farfesa Nonhlanhla Khumalo, likitar fata a Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu, ita da abokan aikinta sun duba gashin 'yan Afirka da madubin ƙara girma, suka wallafa a 2000. Sun samu ƙulli a jikin kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari na silin gashin, alhali a sauran jinsuna kashi 0.15 ne kacal. Kuma da yawa daga abin da mataji ya kwaso karyayye ne, ba daga saiwa ya fita ba. Silin gashinmu ba zagayayye ba ne, ɗan shafaffe ne, yana murɗawa yana juyawa, kowace kwana kuma wuri ne mai rauni. Maiƙon da fatar kai take fitarwa ma da ƙyar yake bin waɗannan kwanoni ya isa baki, shi ya sa bakin gashi yake bushewa. Sai ya zama yana tsirowa daga ƙasa kusan santimita ɗaya a wata, mataji da bushewa suna cin kusan santimita ɗaya daga sama. Kamar mai zuba ruwa a randa mai tsaguwa ne, a ce rijiya ta ƙafe.

'Yar'uwa, ke da kanki za ki iya gwadawa. Ranar tsifa ki shimfiɗa farin ƙyalle, ki duba abin da ya zubo. Silin da yake da ɗan farin kai a gefe ɗaya, wannan ya gama zangonsa ne ya faɗi, kuma kowa yana zubar da 50 zuwa 100 irinsa a rana. In kitso ya yi mako uku a kanki, sama da sili dubu ne suka taru suna jiran ki tsefe, saboda haka dunƙulen da kike gani ba abin tsoro ba ne. Gutsattsarin da ba su da farin kai, gajeru gajeru, su ne karyayyu. In su suka fi yawa, matsalarki ba ta tsiro ba ce, kuma babu man da za ki shafa a fatar kai ya gyara ta.

A nan ne masu shakka da masu talla suka haɗu, ko da yake suna ganin kamar gaba suke yi. Mai cewa “ba ya tsirowa” shi ne yake share wa mai cewa “ga maganin da zai tsirar da shi cikin mako biyu” hanya. Dubi chebe, garin da matan Larabawan Basara na Chadi suke amfani da shi, wanda wani bidiyon YouTube ya fito da shi duniya wajen 2017, yanzu kuma ana tallarsa a kowane zauren WhatsApp na mata. Gashin matan nan dogo ne, ba ƙarya. Amma dubi yadda suke yi: suna kwaɓa garin da mai, su shafe jikin gashin, ba fatar kai ba, su kitse shi manya manya, su bar shi kwanaki ba taja ba tsifa, su sake. Awanni suke ɓatawa a kai. Abin da yake aiki shi ne gashin ba ya bushewa kuma ba a yawan taɓa shi. Bafulatanar rugar da take shafa man shanu ta bar kitsonta ya daɗe, dabarar ɗaya ce, haka mai wanke kai da karkashi don santsinsa ya warware ƙulli kafin mataji ya shiga. Wadda ta sayi ƙullin chebe da tsada ta ci gaba da tajar busasshen kai kowace safiya, kuɗinta kawai ta zubar.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa a yankinmu, don ba a sayar da maganinsa a kwalba. Saiwar gashi tana cikin sassan jiki da ƙwayoyinsu suka fi saurin rabuwa, in jiki ya shiga ƙunci ita ake fara yanke wa kaso. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Ƙarancin sinadarin ƙarfe, zazzaɓi mai zafi, tashin hankali mai tsanani, duk suna iya tura gashi da yawa hutu lokaci guda, ya zube bayan wata biyu ko uku. Haihuwa ma haka take yi, mai jego takan ga zubar gashi wata biyu zuwa huɗu bayan ta sauka, in kuma haihuwar kusa kusa ce gashin bai gama farfaɗowa ba wata ta zo. Ma'aikatan da suke kula da yara masu tamowa a asibitin Gummi sun san gashi yana cikin abin da ake dubawa: ya yi ja, ya yi laushi, ya tuge ba zafi. Matar da 'yan bindiga suka raba da gonarta da shanunta, take zaman gudun hijira a Anka, in gashinta ya gaza na kakarta ba jininta ne ya canza ba. Idon da ya tashi yana ganin gashin mata masu fama da waɗannan abubuwa, shi ne yake ɗauka iyakar halitta ke nan.

Ƙarin gashi kuwa yana nan, babu mai musu. Ba baƙo ba ne ma: kakanninmu da suke kitson doka suna sa matashi a ciki don ya tashi. Yau akwai na roba irin Darling da X-pression da ake ƙerawa a Legas, akwai na mutum da ake kawowa daga Indiya, inda masu ziyarar wurin bauta na Tirumala suke aske kai a sayar da gashin. Yawansa ne ya sa shakka ta yi ƙarfi, wannan a fili yake. Sai dai kasancewar jabun kuɗi a kasuwa bai sa duk takardar da ka gani ta zama jabu ba, kuma daga hoton waya, da gyale ya rufe rabin kai, ko makitsiya ba za ta iya rantsuwa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi da wannan shakka shi ne inda take tura mata. Yarinyar da aka gaya mata tun tana ƙarama irin gashinku ba ya tsawo, ba za ta ga dalilin lallaɓa shi ba. Sai ta koma ga rilaksa da kitso mai ɗaurin tsiya da ƙari mai nauyi. Khumalo ta auna sakamakon haka a unguwar Langa ta Cape Town: kashi 31.7 cikin ɗari na manyan mata da kashi 17.1 na 'yan mata 'yan makaranta gaban goshinsu ya cinye saboda ja, kuma haɗarin ya fi yawa ga wadda aka ɗora wa ja a kan gashin da ya sha rilaksa. Da farko yana dawowa in an sassauta. In aka shekara ana ja, saiwar takan mutu ta bar tabo, daga nan babu man kaɗanya ko na kwakwa da zai dawo da ita. Alamar tana zuwa da wuri: kitson da ya hana ki barci daren farko, ko ya fito miki da ƙuraje a bakin goshi, ya yi tsauri, a sassauta shi ranar.

Wani abu kuma da mutanen Anka da Bukkuyum za su so su sani. A Fabrairun 2025 ƙungiyar Consumer Reports ta Amurka ta gwada gashin roba na kitso iri 10, ta samu dalma a 9. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi a Bagega da Dareta da 'Yargalma daga 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, kalmar kaɗai ta isa ta tayar mana da hankali. A auna maganar dai: samfurin kaɗan ne, adadin da aka samu bai kama ƙafar abin da ke cikin ƙurar niƙan duwatsun zinariya ba, kuma dalma ta baki da numfashi take shiga jiki, ba ta cika ratsa fata ba. Wadda abin ya fi shafa ita ce makitsiyar da take riƙe silin da haƙori tana kitso, tana ƙona bakinsa da wuta tana shaƙar hayaƙin, da jaririn da yake goye yana kama jelar kitson uwarsa yana kaiwa baki.