Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Kwanan baya na ba ɗalibaina na nan Alƙahira wani sharhi da na yanko daga wata jarida ta Larabci, na ce su juya mini shi da Hausa. An rubuta shi ne bayan zaɓen Amurka na ranar 5 ga watan Nuwamba 1924 da ɗari, watau 2024, wanda Mista Donald Trump ya ci. Ɗaliban sun yi ƙoƙari, Hausarsu ta fita sarai. Da muka gama gyaran nahawu sai wata daga cikinsu ta ce, "Malam, ka gyara mana kalmomi, amma ba ka gaya mana ko maganar mutumin gaskiya ce ba." To, amsar tambayarta ke nan na zauna na rubuta, don na ga irin wannan sharhi ya yi yawa a jaridu da gidajen rediyo, har da masu magana da Hausa.

Abin da mai sharhin ya kafa maganarsa a kai shi ne, wai siyasar Turawa iska ɗaya ke kaɗa ta. In Amurka ta karkata dama, Turai za ta bi ta. In ta karkata hagu, haka nan. Ya kawo shaida uku. Ta fari, Misis Thatcher ta ci zaɓe a Ingila cikin 1979, Mista Reagan ya ci a Amurka cikin 1980. Ta biyu, Mista Clinton ya hau cikin 1993, ga Mista Blair ya biyo baya a 1997, ga Mista Schröder na Jamus a 1998. Ta uku, mutanen Ingila sun zaɓi fita daga Tarayyar Turai ranar 23 ga Yuni 2016, watanni kaɗan bayan haka Trump ya ci zaɓensa na fari. Daga nan ya yanke hukunci cewa duk mai son ya san gobe ta Turai, ya dubi yau ta Amurka.

Maganar tana da daɗin ji, shekarun da ya kawo kuma duk daidai suke. Laifinta na fari shi ne mutumin ya shiga kasuwa ya tsinci abin da ya dace da kwandonsa, ya bar saura. Bayan Reagan ya kama mulki da wata huɗu, cikin Mayu 1981, Faransa ta zaɓi Mista Mitterrand, ɗan gurguzu, har ya sa 'yan kwaminis cikin ministocinsa. Bayan Trump ya ci na fari da wata shida, ranar 7 ga Mayu 2017, Mista Macron ya kada Madam Le Pen, ya sami wajen kashi 66 cikin ɗari. Madam Meloni kuwa, wadda ake cewa ra'ayinta ya zo kusa da na Trump, ta ci zaɓen Italiya cikin Satumba 2022, sa'ad da Mista Biden ke mulki. Haka Mista Wilders na Holan, jam'iyyarsa ta zo ta ɗaya da kujera 37 cikin 150 a Nuwamba 2023, zamanin Biden ɗin dai. Ko cikin shaidar tasa ma, sau biyu Ingila ce ta riga Amurka. Yaya na baya zai zama jagoran na gaba?

Laifi na biyu ya fi na fari girma, shi ne bai kula da yadda ake ƙirga ƙuri'a a kowace ƙasa ba. Ku ɗalibai kun san kalmar nan ƙuri'a daga Larabci muka aro ta, asalinta kuwa abin da ake jefawa ne don a raba gardama. Amma jefawa daban, rabon kujeru daban. A Ingila an yanka ƙasa mazaɓa 650, wanda ya fi ƙuri'a a kowace mazaɓa shi ke ɗauke kujerar, ko da da guda ɗaya ya fi na biye da shi. Ga abin da wannan ya haifar ranar 4 ga Yuli 2024: jam'iyyar Leba ta sami wajen kashi 34 cikin ɗari na ƙuri'u, ta kwashe kujera 411. Jam'iyyar Mista Farage, mutumin Trump, ta sami wajen kashi 14, kujerunta biyar tak. A Jamus kuwa ana raba kujeru gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, muddin ta kai kashi 5. Saboda haka jam'iyyar AfD da ta sami ƙasa da kashi 13 cikin 2017, kujera 94 ta ɗauka. Ka ga mutane kusan yawansu ɗaya, ra'ayinsu kusan ɗaya, a wata ƙasa su cika ɓangare guda na majalisa, a wata ƙasa mota ɗaya ta kwashe su.

Faransa kuma nata tsarin daban, zagaye biyu ake yi. A zaɓen majalisa na 2024 jam'iyyar Le Pen ce ta fi kowa ƙuri'a a zagayen fari, ranar 30 ga Yuni. Kafin zagaye na biyu sai abokan hamayyarta suka janye wa juna 'yan takara a mazaɓu masu yawa, ranar 7 ga Yuli aka wayi gari ita ce ta uku wajen kujeru. A Amurka kuwa ba yawan ƙuri'un ƙasa duka ke naɗa shugaba ba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe, jimlarsu 538, wanda ya sami 270 ya ci. Cikin 2016 Misis Clinton ta fi Trump ƙuri'a kusan miliyan uku, amma shi ya shiga fada. Da dokar Faransa aka bi a Amurka a shekarar nan, ko ta Jamus aka bi a Ingila, da sharhin da za a rubuta wani ne dabam, alhali mutanen su ne dai.

Mu 'yan Nijeriya bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, don Ingilishi sun bar mana irin tsarinsu. A zaɓen tarayya na Disamba 1959, jam'iyyar NCNC ta fi NPC yawan ƙuri'u, amma NPC ta sami kujera 134 cikin 312, ta fi kowa, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zauna Firayim Minista. Matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba a lokacin, an kuwa raba mazaɓu bisa yawan jama'a. Wanda bai san waɗannan biyu ba, in ya dubi lissafin sai ya ce an yi kuskure wajen tarawa.

Laifi na uku na harshe ne, shi ya sa ya shafe ku ƙwarai. Dama da hagu a siyasa sun samo asali daga majalisar Faransa ta 1789, inda masu goyon bayan sarki suka zauna dama da shugaban majalisa, masu son canji suka zauna hagu. Mu ma mun ara, mukan ce 'yan mazan jiya ko masu ra'ayin riƙau ga na dama, masu neman sauyi ga na hagu. Amma damar wani hagun wani ce. Tun 1948 Ingila ke da tsarin da gwamnati ke yi wa kowa magani daga kuɗin haraji, 'yan mazan jiyan ƙasar kuma sun yi mulki shekaru da yawa ba su rushe shi ba. A Amurka, dokar inshorar lafiya da Mista Obama ya sa wa hannu cikin 2010, wadda ba ta kai ta Ingila nisa ba, 'yan Rifablikan sun yi shekaru suna yaƙi da ita. Kalmar libaral ma haka take: a Amurka ana nufin mutumin hagu, a Jamus kuwa sunan ya fi zama kan jam'iyyar da ke kare 'yan kasuwa da rage haraji. In mai fassara ya juya su duka biyu da masu sassaucin ra'ayi ya yi shiru, ya haɗa mutum biyu cikin riga ɗaya.

Wani zai ce, to, in mai sharhi ya yi kuskure, wa ya cutu? Amsar tana nan Masar, ba sai mun je nesa ba. Cikin Mayu 1955 Sir Anthony Eden, ɗan mazan jiya, ya ci zaɓen Ingila. Ranar 2 ga Janairu 1956 aka yi zaɓe a Faransa, daga baya Mista Guy Mollet, ɗan gurguzu, ya kafa gwamnati, shi kuwa alkawarin sulhu a Aljeriya ya yi wa masu zaɓe. A Amurka Janar Eisenhower na Rifablikan ke mulki. Da mai sharhinmu yana nan a lokacin, da ya ce Eden da Eisenhower 'yan gida ɗaya ne, Mollet kuwa shi ne zai ƙi yaƙi.

Ga yadda aka yi. Ranar 26 ga Yuli 1956 Shugaba Jamal Abdul Nasir ya yi jawabi a Iskandariya, ya mai da kamfanin mashigin Suwes mallakar Masar. Eden na dama da Mollet na hagu suka haɗa kai da Isra'ila a ɓoye. Isra'ila ta shiga Sina'i ranar 29 ga Oktoba, jiragen Ingila da Faransa suka fara jefa bom ranar 31, sojojin laima suka sauka Bur Sa'id ranar 5 ga Nuwamba. Eisenhower ya riga ya rubuta wa Eden yana gargaɗinsa kada ya yi amfani da ƙarfi, amma manyan gwamnatin Ingila suka ɗauka zaɓen da ke gabansa ranar 6 ga Nuwamba zai ɗaure masa hannu, kuma ba zai juya wa abokan da suka yi yaƙin Hitler tare baya ba. Sai ga Amurka ta kai maganar gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, ta kuma ƙi taimakon kuɗin Ingila sa'ad da fam ke faɗuwa. Ranar zaɓen nan Eden ya yarda a tsai da wuta, Eisenhower kuwa ya ci jiha 41 cikin 48. Kafin ƙarshen Disamba sojojin Ingila da Faransa sun fita, ranar 9 ga Janairu 1957 Eden ya sauka.

Kada kuma a ɗauka Amurka don son Masar ta yi. Ita ce ta janye alkawarin kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan ranar 19 ga Yuli, mako guda kafin jawabin Iskandariya. Abin da ta duba shi ne kada Larabawa su faɗa hannun Rasha. Mollet kuwa ganinsa Nasir ne ke hura wutar Aljeriya. Eden yana tunanin man fetur da hanyar jiragen ruwa da girman daular da ke zubewa. Kowa bukatar ƙasarsa ya bi, sunan jam'iyya bai hana shi ba. Waɗanda suka yi lissafi da kamannin jam'iyyu sun yi asarar mulki, amma mutanen Bur Sa'id su suka biya da rayukansu da gidajensu.

Duk da haka ba zan ce mai sharhin bai ga kome ba, don ruwa ba ya tsami banza. Akwai abubuwan da suka taɓa Turai da Amurka lokaci ɗaya. Rikicin bankuna na 2008 ya ci ayyukan mutane a ɓangarorin biyu. Cikin 2015 fiye da mutum miliyan ɗaya suka ƙetare teku zuwa Turai neman mafaka, Amurka kuma tana fama da maganar iyakarta da Meziko. Bayan annobar korona da yaƙin Yukren na 2022, tsadar abinci da makamashi ta hau kan kowa. Amma dubi abin da masu zaɓe suka yi da fushinsu. A Ingila 'yan mazan jiya ke kan mulki, aka kada su cikin Yuli 2024, kujerunsu suka koma 121. A Amurka 'yan Dimokurat ke kai, aka kada su cikin Nuwamba. A Jamus Mista Scholz na hagu ne, jam'iyyarsa ta faɗo ta uku cikin Fabrairu 2025. Watau wanda aka tarar bisa kujera shi aka tura, ko na dama ne ko na hagu. Da mai sharhin ya ce ciwo ɗaya ne ya kama gidaje da yawa, kowane gida kuma ya nemi magani irin nasa, da na sa hannu. Inda ya ɓata shi ne da ya mai da Amurka uwa, Turai 'yarta.

Saboda haka, in kun sake samun irin wannan sharhi, ko da Larabci ko da Hausa, ga tambaya huɗu da za ku yi masa kafin ku gaskata. Wace jam'iyya ke mulki kafin zaɓen? Yaya ake mai da ƙuri'a kujera a ƙasar? Kashi nawa wanda ya ci ya samu, ban da yawan kujerunsa? Sunan da aka ba jam'iyyar, me yake nufi a bakin mutanen ƙasar su kansu? In sharhi ya amsa waɗannan, kwatancinsa zai yi amfani, don da kwatanci ake gane abu. In bai amsa ba, sai ku tuna Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

Ita kuwa ɗalibar da ta yi tambaya, na ce mata ta koma kan fassararta, duk inda ta rubuta dama ko hagu ta ƙara mana bayanin damar wace ƙasa take nufi. Ta kawo mini bayan kwana biyu, takardar ta ƙaru da shafi guda, ta kuwa fi ta asalin amfani ga mai karatu. Allah ya ƙara mana fahimta, amin.