Dusar Ƙanƙara a Hamadar Saudiyya: Hoto Ya Riga Lissafi

A watan Maris na 2022 Yarima Muhammad bin Salman ya ƙaddamar da Trojena, wurin shaƙatawa da wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara da za a gina a duwatsun yankin Tabuk, cikin babban aikin nan na NEOM. An ce za a kammala a 2026. Watanni bakwai kacal bayan sanarwar, a Oktoban 2022, aka ba wurin damar karɓar gasar wasannin hunturu ta nahiyar Asiya ta 2029, alhali ko filin zamiya ɗaya ba a gama ba. A Janairun 2026 aka sanar da ɗage gasar.

Matsalar wannan aiki tana cikin jerin matakansa ne. A ƙa'ida, binciken yiwuwar aiki ake fara yi: a auna yanayi na shekaru, a duba ruwa da wuta da hanya, a ƙiyasta masu zuwa. Idan lissafi ya ba da dama, sai a zana babban tsarin wurin, a ce nan otal, nan filin wasa. Binciken da ba shi da ikon cewa "a'a" ba bincike ba ne, hatimi ne kawai. To idan an riga an sa rana, an nuna wa duniya hoto, an karɓi gasa, wane injiniya ne zai tashi ya ce a dakata?

Mu yi wa Trojena adalci tukuna. Wurin yana tsakanin mita 1,500 zuwa 2,600 daga saman teku, kuma a matsakaici zafin iska yana raguwa da kusan digiri 6.5 a duk mita 1,000 da ka hau. Dusar ƙanƙara kan sauka a Jabal al-Lawz da ke yankin a wasu lokutan sanyi. Bushewar iska ma taimako ce. Ka san yadda ruwan randa ke yin sanyi ƙarara da hunturu? Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randar yana bin iska, yana tafiya da zafi. Haka injin yin dusar ƙanƙara yake aiki: yana fesa ruwa ƙanana-ƙanana, busasshiyar iska ta sanyaya shi har ya daskare. Abin da ake dubawa shi ne ma'aunin zafi da aka naɗe wa kai da jiƙaƙƙen ƙyalle. Idan ya nuna kamar digiri 2 ƙasa da sifili, injin zai iya aiki. Gasar Olamfik ta Beijin a 2022 kusan duk a kan irin wannan ƙanƙara aka yi ta. Wato abin zai yiwu.

Amma "zai yiwu" daban, "zai ɗore" daban. Bari mu ɗan yi lissafi. Shimfiɗa dusar ƙanƙara mai kaurin santimita 30 a hekta ɗaya na buƙatar kubik mita 3,000, kuma hakan na cin ruwa sama da kubik mita 1,000, wato fiye da lita miliyan ɗaya. Babu kogi a can. Tsarin shi ne a tace ruwan teku, a turo shi sama daga gaɓar da ke nisan kusan kilomita 50. Tace gishiri daga kubik mita ɗaya na cin wuta yunit 3 zuwa 4. Ɗaga shi sama mita 2,000 na cin aƙalla yunit 5.4, kafin a sa asarar famfo da bututu. Duk wanda ya taɓa sayen fetur don injin ban-ruwa a nan Dagumawa ko wani gefe na Wudil ya san abin da ɗaga ruwa 'yan mitoci ke yi wa aljihu. Yanzu ka ƙaddara dutse ne gaba ɗaya, ga tafkin da za a cika a samansa, ga rana da iska suna shan rabonsu kullum. A farkon 2024 an ba kamfanin Webuild na Italiya kwangilar madatsun tafkin a kan kusan dala biliyan 4.7. Wannan kuɗin gini ne. Kuɗin riƙe wurin kuwa duk shekara ake biya, da baƙi ko babu.

Me ya haɗa mu da ƙanƙarar Saudiyya? Cutar ɗaya ce. A Obudu ta jihar Kuros Riba, gwamnatin Donald Duke ta kafa motar igiya mai tsawon kusan kilomita 4 a 2005 domin hawa dutsen. Ta burge kowa, amma ta sha tsayawa na dogon lokaci, domin injin da aka sayo daga waje yana son kayan gyara, ƙwararru da wutar da ba ta yankewa. A nan Kano, otal ɗin tafkin Bagauda da aka yi alfahari da shi tun zamanin Audu Bako bai rayu a matsayin otal ba. Makarantar Horar da Lauyoyi ce a wurin yau. Ginin ya samu amfani, madalla, amma ba don haka aka kashe kuɗin ba.

Saboda haka duk ranar da aka nuna mana kyakkyawan zane na wurin yawon buɗe ido a Tiga, Falgore ko duwatsun Riruwai, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata mu yi kafin tafi. Shekara nawa aka yi ana auna ruwa da yanayin wurin? Mutum nawa ake sa ran zuwansu, kuma a kan wace hujja? Wa zai biya kuɗin gyara a shekara ta goma, bayan gwamnan da ya yanke ƙyalle ya sauka? Sannan wa ya yi binciken, mai zaman kansa ne ko wanda ke jiran kwangilar ginin?

Saudiyya tana da rarar da za ta iya gyara kuskure. Kano ba ta da ita. Kuɗin da ya nutse a otal maras baƙi shi ne kuɗin rijiyar burtsatse da ajin firamare da ba a yi ba. Don haka a buga rahoton binciken a fili, jami'o'inmu, har da ta Wudil, su duba alƙaluman, sannan a kira mai zane.