Jinjina ga Makanikan Babur na Funtua da Malumfashi

Lokacin kaka, tsohon babur roba-roba ne ke jigilar buhunan masara daga ƙauyukan Bakori da Kafur zuwa kasuwa. Ranar da aka danna maɓalli ya yi ƙas ya ƙi tashi, sai a garzaya gareji.

A nan gwanin makanike ke nuna kansa. Ba ya saurin cewa sitata ta mutu. Sai ya fara gwada batir, ya duba wayoyi ko sun yi tsatsa. In laifin nata ne, ya cire wayar batir, ya kwance notinan da suka riƙe ta, ya zaro ta. Sau da yawa ƙananan gawayin da ke cikinta ne suka cinye; ya sa sababbi, ya goge ƙurar hanya, shi ke nan. In kuwa wayar ciki ta ƙone, sai sabuwar sitata ko ta hannu, kuma zai faɗa wa mai babur gaskiyar ingancin kowace.

Yaran gareji na tsugune suna miƙa sifana, idonsu na kan hannun oga.

Manoman yankin na cin moriyar waɗannan mutane, kuma sun cancanci a riƙa biyansu haƙƙinsu ba tare da ja-in-ja ba.