Uba a Wuta, Ɗa a Tafarkin Tsira: Tuba a Waƙar Dante

A doguwar waƙarsa ta lahira, Dante, mawaƙin Italiya da ya rasu a 1321, ya raba uba da ɗa. Uban, Guido da Montefeltro, sarkin yaƙi ne da ya ajiye takobi a 1296 ya shiga zuhudu. A baiti na 27 na kashin Jahannama, Paparoma Boniface na Takwas ya nemi ya ba shi dabarar cin garin Palestrina, ya kuma yafe masa zunubin tun bai aikata ba. Da ya mutu, shaiɗan ya ƙwace ransa da hujja guda: nadama da niyyar aikata laifi ba sa zama zuciya ɗaya.

Nan Dante ya bi koyarwar Katolika sau da ƙafa. Gafarar da limamin coci yake furtawa ba ta cin komai in babu nadama da ƙudurin dainawa, ko da Paparoma ne ya furta ta. Ɗan kuwa, Buonconte, wanda aka kashe a yaƙin Campaldino a 1289, ya tsira da hawaye ɗaya da ambaton Maryamu, ba limami a kusa.

Sai dai alƙalin yana da nasa haushi. Dante ya ɗora wa Boniface alhakin korarsa daga Florence a 1302, kuma zafin ya fito fili har mai karatu kan manta cewa Guido ne ke ba da labarin, yana cikin wuta yana jingina laifinsa ga wani.