Tsohon Littafi, Sabon Bugu

Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya samo asali ne daga gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, kuma har yau ɗalibin sakandare a Sule Tankarkar zai iya samunsa in ya nema. Littattafan soyayyar da suka cika Kano tun daga ƙarshen shekarun 1980 kuwa, waɗanda iyayen wannan ɗalibi suka yi rububin karantawa, akasarinsu sai dai labari. Ba inganci kaɗai ya raba su ba. Littafin Abubakar Imam yana da ubangida: kamfanin ɗab'i na NNPC da aka kafa a 1966 ya gaji ayyukan Hukumar Talifi da NORLA, manhajar makaranta kuma tana ta jawo sabon bugu. Marubucin littafin soyayya kuwa, wato adabin kasuwar Kano, shi ke biyan maɗaba'a, shi ke kai wa 'yan kasuwa kaya bashi, shi ke bin sawun kuɗinsa. Ranar da jarinsa ya karye, littafin ya tsaya ke nan. Kwafin da ya biyo hanyar Gumel, ko ya kai kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, takardar jarida ce mai saurin yin ja, an danne tsakiyarta da ƙarfe biyu, an raba labarin na ɗaya, na biyu, na uku. Daga shagon haya zuwa ɗakin amarya bango ya fita, na biyun ya ɓace, sauran gara ta ƙarasa.

Saboda haka marubucin da ya ɗauko tsohon aikinsa ya kai ƙaramin kamfanin ɗab'i bai cancanci a ce masa ya rasa sabon abin faɗa ba. In bai yi ba, babu mai yi. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna na 1991, ya kafa nasa kamfanin, shi ya sa ba ya bukatar jiran izinin wani kafin ya maida aikinsa kasuwa. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990, wani ƙaramin kamfani ne a Chennai ta Indiya, Blaft, ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012, aikin Aliyu Kamal. 

Za a ce ai waya ta wadatar. Gaskiya ne, 'yan matan Gagarawa suna karanta labari a WhatsApp, suna sauraronsa a YouTube. Amma abin da ke yawo can sau da yawa wani ne ya sake tafa shi da kurakuransa, har sunan mai shi yakan salwanta, sisi kuma bai shiga aljihunsa ba. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba ayyukansu, ta rufe a 2023. Za a kuma ce yawancin littattafan ba su da darajar da za a ceto su. Da irin wannan hukuncin aka cinna wa wasu wuta a Kano a 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Ko a yarda akwai tarkace, ba a tankaɗe garin da babu shi a hannu.

Sukar da ta fi ƙarfi daga cikin gida take. Wadda ta rubuta labari tana budurwa, yau tana da jikoki da suna a unguwa, hannunta zai yi ƙaiƙayin goge zancen da ya yi mata nauyi, ta sassauta auren dole, ta cusa wayar salula a zamanin da wasiƙa ake aikewa ta hannun ƙane. Gyaran ƙa'idar rubutu dole ne, domin da yawa an buga su babu ƙugiya a ɗ da ƙ, kalmomi a haɗe inda ya kamata a raba. Sauya labari a ɓoye kuwa yana ɓata shaidar yadda matasan wancan lokaci suka yi tunani. Da yawa daga bugun farko ko shekara ba su ɗauke da ita, don haka sabon bugu yana bukatar shafi guda da zai faɗi yaushe aka fara bugawa, a wace maɗaba'a, da abin da aka taɓa.