Auna Dabarun Dambe: Tsakanin Bakin Makaɗi da Ƙa'idar Fili

Duk wanda ya duba kundayen digiri da ɗalibanmu ke rubutawa a kan dambe zai lura da wani hali da ya game yawancinsu. Idan aka zo bayanin dabarun ɗan dambe, sai a ɗauki naushin hannun da aka ɗaure da zare a ɗora shi bisa kome, sauran dabaru kuwa a ambace su a gurguje tamkar 'yan rakiya. In an bi diddigin hujjar, sai a tarar daga bakin makaɗa aka ɗebo ta, musamman waƙar da Ɗan Anace ya yi wa Shago. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce a nuna cewa waƙa ba ta isa ma'aunin amfanin dabara ba, ƙa'idar da ake yanke nasara da ita a fili ita ce ma'auni.

Ba a ga laifin makaɗi ba. Aikinsa zuga ne, kuma kalangu ba ya tashi sai inda jini ya tashi. Kisa shi ke sa a yi guɗa, shi ke kawo kyauta, alhali kariya da kaucewa ba su da amon da za a gina ɗan waƙa a kansu. To amma manazarci ba maroƙi ba ne.

Ƙa'idar dambe, kamar yadda aka sani, ita ce a yi turmi uku, wanda hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa an kashe shi ke nan, in kuwa aka cinye turamen babu kisa sai a raba su. A damben Turawa, tun dokokin Queensberry na 1867 a Ingila, wanda ya faɗi yana da damar tashi kafin a ƙirga goma, kuma a yau alƙalai kan lissafa maki. Wannan bambanci ya sauya kome. A can naushi mai raunata abokin karawa jari ne da ake tarawa har ƙarshen wasa. A nan kuwa naushin da ya fasa wa mutum baki amma bai kai shi ƙasa ba, ba a rubuta shi ko'ina. Abin nema shi ne gusar da mutum daga kan ƙafafunsa, ko da da tuntuɓe ne.

Da wannan ido ya kamata a sake duban hannun gaba, wanda ba a ɗaurewa. Da shi ɗan dambe ke auna tazara, da shi yake tare fuskar abokin karawa har ya hana shi ganin inda naushi zai fito, da shi kuma yake dafe kai ko kafaɗa ya ture. Hannun da aka ɗaure dunƙule yake, ba ya kamu, kuma tun daga baya ake ɗauko shi a kewayo da shi, don haka wanda ya sake shi ya kuskure ya bar nauyinsa duka a gaba. Na taɓa kallon wani wasa da kaka a wani ƙauye tsakanin Boɗinga da Shagari, inda wani siririn yaro ya yi turmi biyu bai kai naushi ko sau uku ba, sai dai tafin hannunsa na manne da goshin wani ƙato. A turmi na uku ƙaton ya ƙufula ya sako hannu da iyakar ƙarfinsa, yaron ya goce ya ɗan taɓa masa ƙeya, sai ga shi ya dafa ƙasa. Da makaɗi ya ɗauki kirari, naushi ya yaba. Ni dai ban ga naushin ba.

Shuri ya fi wuyar aunawa. Ƙafa ta fi hannu tsawo, kuma tana iya zuwa ta inda ba a tsammani, sai dai mai shuri a kan ƙafa ɗaya yake tsaye a wasan da dafa ƙasa kawai ya isa a ce an kashe mutum. A ganina ribarsa ba ta kai kasadarsa ba, in ba ga wanda ya ga abokin karawarsa ya riga ya gaji ba. Bahago kuwa ribarsa ta rashin sabo ce kurum, domin yawancin 'yan dambe da na dama suka saba karawa.

Masu ɗaukaka naushi sukan kafa hujja da cewa dambe horon yaƙi ne a asalinsa, hannu ɗaya mashi ɗaya garkuwa. Ko da an karɓi wannan, tarihin yaƙin kansa bai goyi bayan fifita makami mai nauyi ba. A Tabkin Kwatto a 1804, rundunar da Abdullahi ɗan Fodiyo ya jagoranta, wanda daga baya ya zauna a Boɗinga, dawakinta kaɗan ne, 'yan baka ne suka karya barade da 'yan lifidin Gobir.

Akwai wata hujja da ta fi wannan ƙarfi, kuma wajibi ne a faɗe ta. Ɗan damben da ya dogara ga kariya zai iya shekara ba a kashe shi ba, amma shi ma bai kashe kowa ba, kuma ba mai biyan kuɗin ƙofa don ya kalli turmi uku babu kisa. Wato ban da ƙa'idar alƙali akwai ta 'yan kallo, wadda ita ke ciyar da ɗan dambe. A wannan ma'auni makaɗi yana da gaskiya. Kuskuren kundayenmu shi ne cakuɗa ma'aunan biyu, a ɗauki abin da ke kawo suna a ce shi ke kawo nasara.

Yanzu kuma makaɗi ya sami mataimaki. Tun da wayar hannu ta shiga gidajen dambe, da kamfanoni irin su African Warriors Fighting Championship da aka kafa a 2019, guntun hoton da ke yawo a YouTube na kisa ne, an yanke duk daƙiƙun da hannun gaba ya yi yana aikinsa. Ɗalibin da ke son rubutu a kan dabarun dambe sai ya tafi fili da littafinsa tun daga farkon kaka, ya riƙa rubuta yadda kowane wasa ya ƙare: nawa ne da naushi tsantsa, nawa da turi ko gociya, nawa da shuri, nawa kuma aka raba.